RA'AYINMU: MAI NEMAN ƘURI'A YA FITO FILI A TAMBAYE SHI

Duk lokacin da guguwar zaɓe ta fara kaɗawa a ƙasar nan, Yola da Jimeta suna cikin garuruwan da kan riga kowa ɗaukar zafi. Hotunan 'yan takara su rufe bangaye tun daga bakin gadar Binuwai har cikin garin Yola, motocin lasifika su hana mutane barcin rana, Dandalin Ribadu ya cika ya batse yau da wannan jam'iyya, gobe da waccan. Amma cikin wannan hayaniya duka akwai abu guda da ya yi ƙaranci ƙwarai, watau a ga masu neman kujera ɗaya sun zauna wuri ɗaya, an yi musu tambaya iri ɗaya, kowa ya ba da amsa a gaban abokin karawarsa da kuma jama'ar da yake son ya shugabanta. Wannan jarida tana ganin rashin irin wannan zama babban giɓi ne a siyasarmu, kuma tana ganin tilas ne jam'iyyarmu ta zama ta farko wajen cike shi, ko da sauran jam'iyyu sun noƙe.

Kafin mu ci gaba, ya kamata masu karatu su bambanta lacca da muhawara, domin da yawa daga cikin 'yan siyasarmu suna haɗa su da gangan. A wurin lacca mutum ɗaya ne ke riƙe da lasifika, waɗanda ke gabansa kuwa magoya bayansa ne, wasu ma motar haya ce ta kwaso su. In ya ce zai gina asibiti a kowace unguwa sai a yi tafi, babu mai ce masa da wane kuɗi. A wurin muhawara kuwa da ya rufe baki abokin hamayyarsa zai tashi ya tuna masa cewa asibitin da ya yi alkawari shekara huɗu da suka wuce har yanzu ciyawa ce a filin, kuma wani talaka daga cikin masu sauraro zai ɗaga hannu ya tambaye su su biyun abin da za su yi game da kwatar da ke malala a ƙofar gidansa. Lacca tana nuna yawan mutanen da ɗan takara zai iya tarawa. Abin da ke cikin kansa kuwa, sai an yi muhawara ake ganinsa.

BA BAƘON ABU BA NE A WURINMU

Akwai masu cewa wannan al'ada ce ta Turawa, wai don an ga Kennedy da Nixon sun yi ta a talabijin a Amurka a 1960. Masu faɗin haka ba su karanta tarihin ƙasarsu ba. A cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura guda da aka sa wa sunan shawara. Sa'ad da Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi na Barno ya ƙalubalanci hujjojin jihadi, takardu ya rubuta, kuma Muhammadu Bello ya amsa masa a rubuce, hujja da hujja, alhali kuwa ana tsakiyar yaƙi. Bello bai ƙone waɗannan takardu ba, sai ma ya sanya su a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, inda ɗalibai ke karanta su har gobe. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma kafa garin Yola a 1841, malami ne kafin ya zama shugaba, kuma duk wanda ya zauna a zauren malamai ya san cewa ba a karɓar magana a nan sai da dalili.

Haka kuma siyasar jam'iyyu ta Arewa a zauren tattaunawa aka haife ta. A 1943 aka kafa taron tattaunawa na Bauci, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka riƙa yi wa Turawan mulki da manyan En'e tambayoyin da ba a saba jin talaka ya yi ba. Daga irin waɗannan zaure-zaure ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fito, haka kuma NEPU a 1950. Mutanen nan sun saɓa wa juna ƙwarai daga baya, amma dukkansu a makaranta ɗaya suka koyi siyasa, watau makarantar faɗi a faɗa maka. Har yau ɗin nan, duk wanda ya zaga Luggere ko Dubeli ko Nasarawo ko Jambutu bayan sallar isha'i zai tarar da majalisu a bakin teburin mai shayi ana ta kai-komo a kan farashin taki da albashin malamai. Talakawa ba su taɓa daina muhawara ba. Masu neman ƙuri'arsu ne suka ƙaurace wa zaman.

DARASIN 1959

Babu jihar da tarihi ya koya wa darajar sauraron jama'a kamar Adamawa. Yankin da ake kira Arewacin Kamaru a wancan zamani, wanda ya haɗa da Mubi da Ganye da Gashaka da Mambila, amanar Majalisar Ɗinkin Duniya ne a hannun Ingila, kuma babban ɓangarensa daga Yola ake gudanar da shi a ƙarƙashin En'e ta Adamawa. A watan Nuwamba 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka tambayi mutanen ko za su shiga Nijeriya ko kuwa a ɗage maganar zuwa gaba. Manyan Kaduna da na Yola sun saki jiki, suna ganin abin a hannu yake. Da aka ƙirga sai aka ga kusan kashi 62 cikin 100 sun ce a ɗage.

Me ya jawo haka? Mutanen suna da koke-koke a kan yadda ake mulkinsu, musamman game da hakimai da ma'aikatan da ake turo musu, amma babu wani dandali da aka ba su su faɗa, kuma rahotannin da ke isa sama na masu son faranta wa manya rai ne. Da baki bai sami hanya ba sai akwatin ƙuri'a ya yi magana. Abin yabo shi ne gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ba ta ɗauki abin da fushi ba. Aka koma aka saurari mutane, aka kafa musu hukumomin En'e nasu na kansu, aka bi gari-gari ana bayani ana amsa tambayoyi. Da aka sake ƙuri'a a watan Fabrairu 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, aka kuma sa wa yankin suna Lardin Sardauna da hedkwata a Mubi. A wannan ƙuri'a ta biyu har mata sun jefa tasu, alhali matan sauran Arewa ba su shiga babban zaɓe ba sai a 1979.

Jama'a, a lura da kyau. Cikin wata 15 kacal ra'ayin yanki guda ya juya, kuma ba da bindiga aka juya shi ba. Da a ce an buɗe ƙofar magana tun farko, da ba a sha kunyar 1959 ba. Da kuma an ci gaba da toshe kunne, da yau mutumin Yola sai ya nuna fasfo kafin ya shiga kasuwar Mubi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shugaban da ba ya tambayar mai ɗaki ruwa zai cinye su tare.

DAGA SIYASA BA DA GABA BA ZUWA JININ JIMETA

A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola da hedkwata a Yola. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, mutanen jihar suka zaɓi Alhaji Abubakar Barde na GNPP ya zama gwamna, alhali NPN ce ke riƙe da Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari. Taken shugaban GNPP, Alhaji Waziri Ibrahim, shi ne siyasa ba da gaba ba, kuma ko waɗanda ba su taɓa jefa masa ƙuri'a ba sun yarda cewa wannan kalma ta fi ƙarfin jam'iyya ɗaya. A 1983 kuma jihar ta koma hannun NPN, Alhaji Bamanga Tukur ya hau, bai wuce wata uku ba soja suka yi juyin mulki ran 31 ga Disamba. Ba za mu ce siyasar Jamhuriya ta Biyu tsarkakakkiya ce ba. An yi zage-zage, an yi banga, an yi maguɗi, kuma waɗannan ne suka ba soja hujjar fitowa. 'Yan siyasa da suka mai da dandalin hujja ya zama fagen dambe su ne suka share wa masu kaki hanya.

Wata biyu bayan juyin mulkin, a ƙarshen Fabrairu 1984, mabiyan Maitatsine ƙarƙashin Musa Makaniki suka tayar da fitina a Jimeta. Ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, dubbai suka rasa muhalli, kuma dattawan garin har yanzu ba sa son tuna waɗannan kwanaki. Aƙidar wannan ƙungiya ita ce duk wanda ya saɓa musu ba a yi masa bayani, sai wuƙa. Ga ƙarshen hanyar mutumin da ya yanke wa kansa cewa babu abin da zai ji daga bakin wani. A shekarar dai gwamnatin soja ta kafa Doka ta 4, wadda da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Tsakanin mai wuƙa da mai dokar rufe baki, talaka ne ya rasa inda zai kai kukansa. Wanda ya rayu a wannan zamani ba ya raina 'yancin tsayawa a bainar jama'a ya ce wa gwamna bai yarda ba.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Ba sai mun tsaya a tarihin da ya yi nisa ba. A 2014 Jihar Adamawa ta ga gwamnoni uku cikin wata huɗu. Majalisar Dokoki ta tsige Murtala Nyako a watan Yuli, kakakinta Ahmadu Umaru Fintiri ya riƙe na ɗan lokaci, sannan kotu ta sa aka rantsar da Bala Ngilari a watan Oktoba. A daidai wannan lokaci ne 'yan Boko Haram suka kama Madagali da Michika, suka shiga Mubi a ƙarshen Oktoba, dubban 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen tsige Nyako, domin ba a ba shi cikakkiyar damar kare kansa ba. Ko mutum yana goyon bayan wane ɓangare, darasin ɗaya ne: manyan al'amuran jiha an ƙulla su an kwance su a ɗakuna, jama'a suna ji a rediyo kamar labarin wata ƙasa, ga kuma wuta tana cin arewacin jihar.

A cikin wannan duhu ne kuma aka ga amfanin zama wuri ɗaya. Ƙungiyar zaman lafiya da aka kafa a 2012, wadda ta haɗa malaman Musulunci da limaman Kirista da 'yan kasuwa da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, ta ciyar da 'yan gudun hijira masu ɗimbin yawa. Lokacin da bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta da masallacin Jambutu a 2015, masu neman tayar da rikicin addini ba su sami yadda suke so ba, kuma daga cikin dalilan akwai cewa shugabannin al'umma sun riga sun saba zama su faɗa wa juna gaskiya ido da ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen Adamawa sun sha nuna cewa ba a yi musu jagora da igiya. A 2015 sun karɓe mulki daga PDP sun ba APC, a 2019 kuma suka sauke gwamna mai ci, Muhammadu Jibrilla Bindo. A 2023 aka yi karon da ƙasa duka ta zuba wa ido, tsakanin Fintiri da Sanata Aishatu Ɗahiru Binani. Kowa ya tuna safiyar 16 ga Afrilu, lokacin da kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya sanar da sakamako ana tsakiyar tattara ƙuri'u, hukumar zaɓe ta ƙasa ta soke sanarwar, aka kammala ƙidaya ran 18 ga wata, Fintiri ya sami 430,861, Binani ta sami 398,738. Amma akwai wani lissafi da ba a cika kula da shi ba. Masu rajista a jihar sun haura miliyan 2, ga shi kuwa ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu in an haɗa ba su kai 830,000 ba. Fiye da rabin masu katin zaɓe sun zauna a gida. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar kuwa, waɗanda suka fito a Nijeriya duka ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mutumin da ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba, ba a kuma taɓa amsa masa tambayarsa ba, da wuya ya bar sana'arsa ya je ya sha rana a layi.

HUJJOJIN MASU GUDUN ZAMA

Mun san abin da masu ƙin muhawara ke faɗi, har da wasu daga cikin manyan jam'iyyarmu, kuma ya dace a ba su amsa. Hujjarsu ta farko ita ce jiha irin Adamawa, mai ƙabilu da yawa, Fulani da Bacama da Bata da Camba da Higi da Margi da Kilba da Lunguda da sauransu, ga Musulmi ga Kirista, in aka buɗe baki wuta za ta tashi. Amsarmu ita ce maganar ƙabila da addini ana yin ta ko an so ko ba a so. Ana raɗa ta a soro, ana tura ta daga waya zuwa waya da tsakar dare, inda babu mai ƙaryata ta. Ɗan takarar da ke zuga mutane a ɓoye ba zai iya maimaita maganar a gaban abokin takararsa da mutanen kowane ɓangare ba, domin ƙuri'ar kowa yake nema. Haske ne maganin irin wannan raɗa.

Hujja ta biyu ita ce mai zaƙin baki zai kayar da mai aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don ba kowane shugaba nagari ne Allah Ya ba fasahar magana ba. Amma a dandalin lacca ne mai zaƙin baki ya fi cin kasuwarsa, inda babu mai taka masa birki. In an zauna an ce ya faɗi nawa ne kasafin kuɗin ilmi na bara, nawa aka kashe, makarantu nawa aka gyara, nan ne zaƙin baki ke ƙarewa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai aiki kuwa ko da in-ina yake yi, zai iya lissafa rijiyoyin da ya haƙa, mutanen wurin kuma su shaide shi ko su ƙaryata shi nan take.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa wanda ke kan gaba ba shi da ribar da zai samu in ya zauna da na baya. Wannan lissafi ne ya sa a watan Janairu 2019 aka yi muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a Abuja ba tare da manyan 'yan takara biyu ba, Shugaba Muhammadu Buhari bai je ba, Alhaji Atiku Abubakar kuma ya je wurin amma ya ƙi hawa dandali saboda rashin zuwan abokin karawarsa. A kwatanta da 1993, lokacin da Cif Moshood Abiola da Alhaji Bashir Tofa suka fuskanci juna a talabijin ƙasa duka tana kallo, aka kuma yi zaɓen da har yanzu ake misali da shi. Masu wannan lissafi sun manta cewa muhawara haƙƙin mai zaɓe ne. Mai neman aikin masinja ma sai an yi masa tambayoyi kafin a ɗauke shi, balle mai neman a damƙa masa baitulmalin ƙananan hukumomi 21 har shekara huɗu.

Hujja ta ƙarshe ita ce mafi muni, wai talaka ba ya fahimtar manufa, abin da ya sani shi ne taliya da atamfa da 'yan kuɗin ranar zaɓe. Wannan cin fuska ne ga mutanen da suka ba manyan Kaduna mamaki a 1959, suka kuma sauke gwamna mai ci a 2019. In talaka ya karɓi taliya, don ita kaɗai aka miƙo masa ne. A gwada miƙa masa bayani a gani.

ABUBUWAN DA KE JIRAN AMSA

Ba a rasa abin tattaunawa ba. Ga ambaliyar Binuwai, wadda ta yi mummunar ɓarna a 2012 da 2022. An kammala madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru tun 1982, an kuma daɗe ana maganar gina ta Dasin Hausa a yankin Fufore don ta tare ruwan, amma har aka yi ambaliyar 2022 ba a gina ta ba. Duk mai neman kujerar Majalisar Dattawa ko ta Wakilai daga wannan jiha ya kamata ya faɗa wa manoman fadama abin da zai yi a kai. Ga matsalar 'yan Shila da suka daɗe suna addabar fasinjojin keke a Jimeta: kamu kaɗai zai magance ta, ko kuwa sai an haɗa da sana'a da makaranta? Ga rikicin manoma da makiyaya wanda ya ci rayuka a yankin Numan a ƙarshen 2017. Ga tsadar rayuwa tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, wadda ta kai ga fasa rumbunan abinci a Yola a ƙarshen Yuli na shekarar har aka sa dokar hana fita. Ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da amsa fiye da ɗaya, kuma masu hankali suna iya saɓawa a kai. Saboda haka ne ma ake bukatar a ji kowa.

KIRANMU

Da farko muna kira ga shugabannin jam'iyyarmu na Jihar Adamawa, tun daga mazaɓa har zuwa jiha, su kafa ƙa'ida cewa duk wanda ke neman tutar jam'iyya sai ya tsaya gaban 'ya'yanta tare da sauran masu nema an yi musu tambayoyi kafin zaɓen fid da gwani, kuma duk wanda ya sami tutar sai ya amsa gayyatar muhawara da 'yan hamayya. Wasu za su ce muna tona asirin gida. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jam'iyyar da ke hukunta ɗanta don ya yi tambaya a taro, ranar ƙidaya za ta ji amsar, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Na biyu, muna kira ga abokan hamayyarmu su karɓi wannan tayi da zuciya ɗaya. Ba mu ɗauke su abokan gaba ba. Tare muke zuwa jana'iza, tare muke cin kasuwa, 'ya'yanmu suna auren juna, kuma ko harshe da haƙori sukan saɓa amma baki ɗaya suke kwana.

Na uku, gidajen rediyo da talabijin na Yola, na gwamnati da masu zaman kansu, irin su ABC da ATV da Fombina da Gotel, su ba kowane ɗan takara lokaci daidai wa daida, ko da kuwa yana sukar wanda ya mallaki gidan. A yi shirin da Hausa da Fulfulde da sauran harsunan jiha, kada a tsaya ga Turanci, a kuma buɗe layi masu sauraro su yi tambaya. Malaman Jami'ar Modibbo Adama da ƙungiyoyin 'yan jarida da na lauyoyi suna iya zama alƙalan zama, su kuma binciki alƙaluman da 'yan takara suka ambata, su bayyana wa jama'a wanda ya faɗi gaskiya.

Na huɗu, a ba mata wuri a sahun gaba, kuma a sa lokacin zama daidai da sa'ar da za su iya halarta. Su ne suka fi tsayuwa a layin zaɓe, su ne kuma suka fi sanin halin da asibitin haihuwa da makarantar firamare ke ciki.

Na biyar, 'yan sanda su tsare wurin taro ba tare da nuna bambanci ba. Sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da na yin taro cikin lumana. Amma 'yancin magana bai haɗa da zagin iyaye ko ƙage ko tunzura jama'a ba, kuma duk wanda ya zo da 'yan banga don ya tarwatsa zama, a kama shi tare da wanda ya aiko shi, ko ɗan wace jam'iyya ne, har da tamu.

Daga ƙarshe muna kira ga talakawan Yola da Jimeta da sauran sassan jihar, ku da kuke da wuƙa da nama. In ɗan takara ya zo unguwarku, ku karɓe shi da mutunci, ku shimfiɗa masa tabarma, sannan ku tambaye shi. Ku rubuta abin da ya ce da ranar da ya faɗa, ku ajiye, domin zai dawo bayan shekara huɗu. Wanda aka gayyata muhawara ya ƙi zuwa kuwa, ya riga ya nuna muku yadda ƙofar ofishinsa za ta kasance in ya ci zaɓe. Allah Ya ba mu shugabanni masu sauraro, Ya zaunar da Jihar Adamawa da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.